Kafin Ka Zuba Kuɗinka a Motar Tafi-da-Gidanka

Da kai nake, ɗan'uwa mazaunin Ingila, Jamus ko Faransa, da ka ga maƙwabcinka Bature yana kwasar iyali a mota mai gado da kicin da banɗaki, kai ma ranka ya biya. Kuɗin wannan mota ya isa gina gida a garinku, dillali kuma ba ƙaninka ba ne. Ga sharuɗɗa.

Kada ka fara da kallon labule da kujeru. Fara da lasisinka. Lasisin ƙaramar mota a Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai ya tsaya a kilo 3,500, wato motar da duk abin da ke cikinta, har da kai. A Birtaniya waɗanda suka ci jarrabawar tuƙi kafin 1997 ne ke da izinin kaiwa kilo 7,500, kuma da wuya kana cikinsu.

Ka tambayi nauyin kayan da za ta iya ɗauka, a rubuce. A nan mafi yawan mutane ke faɗawa rami. Motar da ta fito daga masana'anta da nauyin kilo 3,100 ta bar maka kilo 400 ke nan. Zauna da biro. Uwargida da yara uku, tukunyar gas ta biyu, rumfa, kekuna, tukwane, buhun shinkafa da jarkar mai, domin mu ba ma tafiya da biredi da cuku kaɗai. Kowace lita ta ruwa kilo guda ce, kuma mai alwala sau biyar a yini ba zai tashi da tanki rabi ba. Kafin ka ankara ka zarce. Ranar da aka tsayar da kai aka hau sikeli, akwai tara, kuma kamfanin inshora na iya zame jiki in an yi hatsari. Ka kai ta ma'aunin manyan motoci da kanka, da kaya a ciki, ka karɓi takardar awo.

Kada ka ƙirga gadaje, ƙirga bel. Akwai motoci masu wurin kwanan mutum shida amma kujeru masu bel huɗu ne kawai. Yara biyun da suka rage fa? Ba a ɗora yaro a gado mota na gudu. Ba za a yi ba.

Ka shinshina. Da gaske nake. Shiga, rufe ƙofa, ka ja numfashi. In ka ji warin tsohuwar rijiya, ko ka ji an fesa turare fiye da ƙima, akwai magana. Buɗe akwatunan sama, danna bango da babban yatsa a gefen taga da kewayen tagar rufi. Bango ya lotsa kamar biredi? Ruwa ya shiga, katakon ciki ya ruɓe, gyaransa kuma dubban fam ne. Nemi takardun binciken laima na kowace shekara. Babu su, babu ciniki. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Kada sunan da aka liƙa a goshi ya ruɗe ka. Kamfanonin sun haɗiye juna. Thor ta Amurka, mai hedkwata a Elkhart ta jihar Indiyana, ta saye rukunin Erwin Hymer na Jamus a 2019. Trigano ta Faransa ce mai Chausson da Adria da Auto-Trail. A ƙarƙashin ɗakin kuwa, akasari Fiat Ducato ce da ake ƙerawa a Atessa ta Italiya, ko Ford Transit, ko Mercedes Sprinter. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce: ina makanikin wannan inji a kusa da ni, kuma wa zai gyara ɗakin in ya yi yoyo?

Kada ka biya farashin farko. Zamanin korona, 2020 da 2021, jama'a sun yi rububin waɗannan motoci, masana'antu suka yi ta ƙerawa. Da kasuwa ta lafa, kaya suka jibge a hannun dillalai, har Knaus Tabbert ta Jamus ta dakatar da aiki na wasu makonni a ƙarshen 2024. Kai da ka taso a kasuwa, kada kunyar Bature ta hana ka tayawa.

Ka duba ajin hayaƙin injin. Mai dizal da bai kai Euro 6 ba, zai biya fam 12.50 kowace rana da ya yi tuƙi a Landan, inda dokar hayaƙi ta game dukkan unguwanni tun Agustan 2023. Biranen Jamus da Faransa ma na da tasu takardar da ake mannawa a gilashi. Tsohuwa mai araha nan take fanshe kuɗinta a jikinka.

Kada ka zauna jiran mai lantarki. Tana tafe, amma batir nauyi gare shi, kuma cikin nauyin da motar za ta iya ɗauka zai ci rabonsa. Ɗakin da ake ja a baya kuwa yana rage zangon motar lantarki da kusan rabi. Maƙera sun san haka, shi ya sa suka koma sa wa ɗakin nasa injin da batir: Dethleffs ta tsallaka tsaunukan Alps da irinsa a 2021 ba tare da tsayawa caji ba, Airstream ta nuna nata a 2022. Duka gwaji ne. Abin da ya riga ya nuna, wanda za ka iya biya yau hankali kwance, shi ne batirin lithiyam na ɗaki da farantin sola a rufi.

Kada garwashi ya shiga ciki. Hajiya, wannan taki ce: kaskon turaren wuta ya zauna a gida. Ɗaki ne ƙarami a rufe, iskar gawayi ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci. A sa na'urar ƙararrawa, kuma kada a toshe ramukan shan iska da tsumma don ana sanyi.

Ka yi hayarta mako guda kafin ka saya. Shimfiɗa darduma ka ga ko akwai wurin sujada. Zubar da tankin banɗaki da hannunka. Bai wuce lita 20 ba, mai tsarki da buta kuwa zai cika shi da wuri. Ka kuma san inda za ka ajiye ta sauran watannin shekara, don tsayinta ya kusa mita uku, wuraren ajiye motoci da yawa kuma an gitta musu ƙarfe a mita biyu.

Kada ka sayi ta Ingila da niyyar turawa Najeriya. Sitiyarinta a dama yake, Najeriya kuwa ta sauya hannun tuƙi tun 1972, kuma doka ba ta yarda da irinta ba.

In mai sayarwa ya hana ka kai ta sikeli, ko ya ce a tura kafin alƙalami tun ba ka gan ta ba, ɗauki hularka ka fita.