Darasi Na 18: Kunu A Cikin Ƙullun Masa

Jama'a, yau karatunmu a kan masa ne, wadda Kanawa ke kira waina. Duk wanda ya ci kasuwar Gwandu ko ta Kalgo ya ga mata zaune gaban tanda suna suya. Da ribar masa wata ke sayen sabulu, wata ke yi wa 'ya'yanta sutura.

Amma masa ba ɗaya ba ce. Ta wata tana nan da taushinta har la'asar. Ta wata kuwa kafin azahar ta ƙandare, ba mai saye, jari ya karye. Shinkafar ɗaya ce, ta fadamar Kebbi. To, ina bambancin? Sau da yawa yana wurin kunun da aka zuba a ƙullu.

Ga yadda ake yi. A sami shinkafar tuwo, wadda ba a turara ba. A auna gwangwani 4. A wanke 3, a jiƙa su kwana. Ɗayan kuwa a dafa shi da ruwa mai yawa, ya yi luguf kamar kunu mai kauri. A bari ya huce. Sa'an nan a haɗa da jiƙaƙƙiyar, a niƙa tare. A sa yis, ko nono, ko ɗan sauran ƙullun jiya. A rufe, a ajiye wuri mai ɗumi har ya tashi. In ya yi tsami, a sa ruwan kanwa kaɗan. A sa gishiri da sukari, a soya da man gyaɗa. Masar gero ma haka ne: ana dama kunu da tsakinta, a zuba.

Mene ne aikin kunun? Ƙwayar shinkafa cike take da sitaci. Ɗanyen sitaci ba ya shan ruwa sosai. In ya ji wuta sai ya kumbura, ya riƙe ruwa, ya yi danƙo. Ruwan nan shi ke hana masa bushewa da wuri. Danƙon kuma ya tsare iskar da yis ke fitarwa, watau abin da ke sa ƙullu tashi. Shi ya sa in ka ɓara masa mai kyau ka kan ga ƙofofi ƙanana a cikinta.

Ba mu kaɗai muka san wannan dabara ba. A Amurka suna da wani kunu mai kauri na madara da sukari da sitaci, sunansa fudin. Su kan zuba garinsa a kwaɓin kek domin ya yi taushi. A Japan da ƙasar Sin masu burodi su kan dama ɗan fulawa da ruwan zafi, su sa a kwaɓi.

Lalle a kiyaye abu uku. Na ɗaya, kada a zuba kunu da zafinsa, domin yis abu ne mai rai, zafi yana kashe shi. Na biyu, in kunu ya yi yawa masa za ta kama tanda, ta sha mai, cikinta ya ƙi dahuwa. Na uku, in ya yi kaɗan za ta yi tauri.

Shinkafa ta kan bambanta. Saboda haka ku gwada, ku rubuta awon da ya yi muku daidai a littafinku. Maza kuma ku karanta wa iyalinku darasin nan.

Tambayoyi

1. Gwangwani nawa za a dafa cikin 4?
2. In shinkafar gwangwani 12 ce, nawa za a jiƙa?
3. Me ya sa ake barin kunu ya huce?
4. Rubuta kalmomin nan: masa, kunu, ƙullu, tanda.