Ƙarin Gashi Na Gam: Yadda Za Ki Rabu Da Shi Ba Tare Da Kin Rasa Naki Ba



Kwanakin baya mun yi darasin farillan wanka a ajin matan aure. Washegari da aka tashi, wata ɗalibata ta tsaya har kowa ya watse, sannan ta matso ta zame ɗankwalinta ta ce, "Malama, dubi abin da na yi wa kaina." Gaban goshinta fayau kamar an sa aska, ga jini ya bushe a wuri biyu. Ashe bikin ƙanwarta aka yi, aka manna mata ƙarin gashi da baƙin gam ɗin nan na shagon gyaran kai. Da ta ji a aji cewa ruwa ba ya ratsa gam, hankalinta ya tashi, tana komawa gida ta shige banɗaki ta kama shi ta fizge da ƙarfin tsiya. Niyyarta mai kyau ce, Allah Ya ba ta lada, amma ni ma na ga laifina, domin na faɗa musu hukunci ban koya musu yadda ake cirewa ba. Shi ya sa na je na zauna da masu sana'ar na tambaya, na kuma karanta abin da likitocin fata suka rubuta.

Bari mu fara da hukuncin a taƙaice, tunda da yawanmu mun san shi. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Asma'u 'yar Abubakar (RA) labarin wata mata da ta zo wurin Manzon Allah (SAW) tana neman izinin ƙara wa 'yarta gashi, yarinyar amarya ce, ga shi ƙyanda ta zubar mata da gashi. Bai ba ta izini ba, har ma ya la'anci mai ƙarawa da wadda ake ƙara wa. Kin ga idan akwai uzurin da ya kai a yi rangwame, ai na wannan amarya ne. Malamai sun yi saɓani a kan zare ko ulu, Imam Laisu bin Sa'ad yana ganin hanin na gashi ne kawai, amma abin da aka ruwaito daga Imam Malik shi ne hani a kan ƙari da kowane irin abu. Ban kawo wannan don in gorantar da kowa ba. Na san abin da ke kai mace shagon: biki, suna, Sallah, zuwan abokiyar zama, ko zubar gashin da ke biyo bayan haihuwa. Wannan na ƙarshen ma, 'yar uwa, yakan fara ne wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa, kuma ga yawancin mata gashin yakan dawo da kansa kafin yaro ya shekara.

Matsala ta biyu ita ce ta tsarki. Shari'a ba ta ɗora miki tsefe kitso don wankan janaba ba matuƙar ruwa na ratsa shi, haka muka karanta a Risala. To amma gam ba kitso ba ne. An yi shi ne musamman don kada ruwa ya shige shi, duk inda ya kwanta a kan fata ko saiwar gashi, wurin ya zama lam'a. Ga kuma alwala, wadda a mazhabarmu shafar kai gaba ɗaya farilla ce, kuma shafar gashin da aka sayo a kasuwa ba shafar kanki ba ce. Don haka idan kina cikin kwanakin al'ada kin samu sarari, sai ki cire a tsanake kafin wankan tsarki. Idan kuwa kina salla, kada ki ce sai ranar Asabar. Yau ɗin nan, bayan isha'i ko da hantsi, lokacin da wata salla ba za ta matse ki ba, domin aikin yakan ci awa biyu ko fiye.

Kafin ki taɓa kanki, ki san wane irin gam ne a kai, don ba duka ake cirewa da abu ɗaya ba. Wanda ya fi yawa a shagunanmu shi ne baƙin nan mai warin roba da ake shafawa a bakin layin gashin a manna. Da ruwan itacen roba ake yin sa, kuma maganinsa mai ne. Akwai na gaban hular gashi, fari ne idan ya bushe ba a ganin sa, a kan fatar goshi ake shafa shi. Sai na ukun mai tsada, wanda ake ɗaukar gashi tsilli-tsilli a ɗaure da wani ƙulli mai tauri kamar ƙwayar shinkafa, a narkar da shi da ƙarfe mai zafi. Wannan na ukun ina ba ki shawara kada ki gwada shi ke kaɗai. Ƙullin kan haura ɗari, kowane ɗaya sai an ɗiga masa maganin cirewa na musamman an murƙushe shi da ɗan filaya kafin ya saɓule. Ki koma wurin wadda ta sa miki, mace, a wurin da babu maza.

Yanzu ga baƙin gam. Ki tanadi man zaitun ko man kwakwa ko man gyaɗa, wanda duk kike da shi a gida ya isa. Idan man kaɗanya ne sai ki narkar da shi ya zama ruwa, ki bar shi ya huce har ki iya tsoma yatsa. Akwai maganin cire gam da ake sayarwa a shagunan kayan kitso, yana da sauri fiye da man girki, in kin samu to madalla. Ki nemi mataji mai manyan haƙora da mai ƙanana, kibiyar tsifa, tsohon tawul, leda ko hular wanka, da kuma 'yar uwa ko 'yarki babba da za ta duba miki ƙeya, domin abin da ba ki gani shi kike fizga.

Kada ki jiƙa kan da ruwa tukuna. Ki ɗage gashin sama ki ɗaure, ki fara daga layin ƙarshe na ƙeya. Ki bi bakin layin da mai, ki zuba sosai ba shafawa irin ta rowa ba, ki murza da tafin yatsa har man ya shiga tsakanin gam da gashinki. Haka za ki bi layi bayan layi har ki iso goshi. Sai ki rufe da leda, ki ɗaura tawul a sama, ki je ki yi harkar gabanki ta minti talatin zuwa awa ɗaya. Ɗumin kanki da ledar ta riƙe shi ke taimakon man. A nan ne yawancinmu muke faɗuwa, wallahi. Minti biyar mace ta fara taɓawa tana ja, ta ce man ba ya aiki. Yana aiki, ke ce ba ki ba shi lokaci ba.

Idan lokacin ya cika, ki koma ƙeya. Ki danne saiwar gashinki da yatsun hannu ɗaya, ki kama gefen layin da ɗaya hannun ki ɗaga a hankali. Layin da ya jiƙu da kansa yake zamewa, ba ya zafi, ba ya ƙara. Da zarar kin ji zafi ko kin ji ƙarar tsinkewa, ki tsaya, ki ƙara mai a daidai wurin, ki wuce wani layin, daga baya ki dawo masa. Na gaban goshi da gefen kunne ki bar su ƙarshe, kuma su fi kowane samun mai, don gashin wurin ya fi ko'ina laushi da saurin tsigewa. Idan almakashi ya zama dole, ƙarin za a yanka, kuma wadda ke ganin wurin ce za ta yanka, ba ke da madubi ba.

Na hular gashi ma haka ne, sai dai auduga za ki tsoma a mai ko a maganin cirewa ki dinga dannawa a bakin ragar, ki jira, ki ɗaga kaɗan, ki sake dannawa a ƙarƙashi. Ki kiyaye idonki.

An cire layuka, amma aiki bai ƙare ba, kuma a ganina nan ne wurin da aka fi asarar gashi. Za ki tarar da guntattakin gam sun maƙale kamar cingam. Ki ƙara musu mai, ki mulmula su da yatsa su dunƙule, ki zare su ƙasa ta bakin gashin, sannan ki bi da ƙaramin mataji a kan wurin kaɗai. Idan akwai kitso a ƙasa sai ki tsefe shi. Daga nan ki raba kan kashi huɗu ko shida, ki warware da yatsu, ki taje da babban mataji tun daga bakin gashi kina hawa zuwa saiwa. Dalilin da ya sa na ce kada ruwa ya taɓa kan kafin wannan shi ne, kowane mutum yana zubar da silin gashi 50 zuwa 100 a rana. Wata guda kanki na rufe, kin ga sili 1,500 zuwa 3,000 ke nan suka zuba ba su samu hanyar fita ba. Idan ruwa da sabulu suka same su a haka ga ragowar gam, sai su cukurkuɗe su zama dunƙule guda wanda aska ce kawai maganinsa. Kuma kada ki firgita da tulin da za ki gani a mataji, yawancinsa tsohon zubi ne.

Bayan mataji ya wuce ko'ina ba ya sarƙewa, sai wanki. Ki fara shafa shamfu a kan man kafin ki zuba ruwa, ya fi kama maiƙon. Ki wanke sau biyu ko uku da ruwa mai ɗumi, ki sa man laushi na bayan wanki, ki sake tajewa, ki ɗauraye.

Akwai abubuwan da na ji ana ba juna shawara a gidan biki waɗanda nake roƙon ki don Allah ki nisance su: kananzir, fetur, da ruwan sirka fenti. Suna ƙona fata, kuma mace ce da gashi jiƙe da fetur a gidan da ake kunna risho ko gas, Allah Ya kiyaye. Haka ruwan goge farce, yana busar da gashi ya bar shi yana karyewa. Kada kuma ki ɗora ƙarfen miƙar da gashi a kan gam da sunan narkarwa, ƙara shigar da shi za ki yi. Mai gyaran kan da gam ɗinta ya ƙare ta ɗauko na gyaran takalmi ko supa gulu, ki tashi ki bar mata kujerarta. A shekarar 2021 wata mata a jihar Luwiziyana ta Amurka ta fesa gam ɗin haɗa kaya mai suna Gorilla Glue a kanta a madadin man kwantar da gashi. Kusan wata guda kan yana nan kamar dutse, ta yi wanki ya fi a ƙirga, har asibiti ta je ba a dace ba. Sai da wani likitan fiɗa haifaffen Ghana, Dakta Michael Obeng, ya yi kimanin awa huɗu a kanta kafin ya rabu da ita. Idan irin wannan gam ne a kanki, asibiti za ki nufa.

Haka nan wasu jikinsu ba ya shiri da roba sam. Idan bayan sa gam ko lokacin cire shi kika ga borin jini, ko fuska da leɓe sun kumbura, ko numfashi yana yi miki wuya, wannan ba na jira ba ne, a kai ki asibiti nan take.

Kan da aka cire wa gam yana bukatar hutu. Kada ki sa masa rilaksa ko rini sai ya yi aƙalla mako biyu, in akwai ciwo kuwa sai ya warke sarai. Ki yi kalaba manya ko kitson hannu sakwa-sakwa, ki ce wa mai kitso ta ƙyale 'yan gashin goshi. Kitson da ya hana ki sujada don zafi, ko ya fito miki da ƙuraje a bakin goshi, ya yi tsauri, ki kwance shi. Farfesa Nonhlanhla Khumalo da abokan aikinta sun wallafa wani bincike a 2007 da suka yi a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu, inda suka samu kusan mace ɗaya cikin uku tana da zubar gashin da jan kitso da ƙari ke haddasawa, kuma abin ya fi tsanani idan an ɗora jan a kan gashin da aka sa wa rilaksa. Da farko gashin yakan dawo idan an daina ja. Idan aka daɗe ana maimaitawa saiwar ke mutuwa, wurin ya yi sulɓi, ba man da zai tsiro da shi. Gashi yana tsawo ne kimanin santimita ɗaya a wata, saboda haka ki ba shi wata uku zuwa shida. In ba ki ga 'yan sabbin gashi ba, ki ga likitan fata tun da wuri. Ɗalibar tawa, alhamdu lillahi, goshinta ya fara yin baƙi.

Saura maganar wankan da kika yi alhali gam na kanki. Ki sa a duba miki da kyau a wurin haske, a tabbata ba sauran ɗigon gam a fata ko a saiwa. Abin da muka karanta a Ahalari shi ne, wanda ya tuna ya bar lam'a a wankansa zai gaggauta wanke wurin da niyya ko da bayan wata guda ne, sannan ya rama sallolin farillar da ya yi a haka. To ki wanke kan da niyyar cika wankanki, ki tsattsefe gashin ruwa ya kai ko'ina. Ki lissafa tun daga wankan wajibi na farko da kika yi bayan an manna miki, da kuma alwalar da kika riƙa shafa a kan ƙarin, ki rubuta kwanakin a takarda, ki kai wa malamarki ta Islamiyya ku zauna ta dubi halinki, ta nuna miki yadda za ki jera ramuwar.