Zafi da Sanyi a Can Saman Iska

Sau da yawa yaro yakan ce, "Malam, in rana ce ke ba mu zafi, don me Jos ta fi Abuja sanyi, alhali kuwa ta fi kusa da rana?" Malamin da bai shirya ba sai ya yi ta kame-kame. To, ga amsa.

Hasken rana ƙasa yake fara gasawa, ita kuma ta ɗumama iskar da ke kanta, kamar yadda wuta ke ɗumama tukunya daga gindi. Saboda haka kowace kilomita guda da mutum ya hau, zafi yakan ragu da wajen digiri shida da rabi. Jos kuwa tana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200. A samanmu nan, in aka kai kilomita 17, sanyi yakan kai wajen digiri 80 ƙasa da sifiri.

Daga nan sai al'amari ya juya. A cikin hasken rana akwai wani iri mai ƙuna wanda ido ba ya gani. Iskar oksijin da muke shaƙa ƙwayoyinta bibbiyu suke a haɗe. In wannan haske ya buge su sai su rabu, ɗaya ta je ta manne wa wasu biyu, su zama uku. Wannan ita ce iskar ozon. Wani masani na Ingila, Sydney Chapman, shi ya bayyana haka a 1930. Ozon tana shanye hasken mai ƙuna ta mai da shi ɗumi, har a kilomita 50 awo ya komo kusa da sifiri. Ba don ita ba, da fatarmu da idanunmu da shukarmu sun sha wuya. Shi ya sa da aka ga ta rame a saman Antaktika a 1985, ƙasashen duniya suka yi alkawari a Montreal a 1987 su daina yin magungunan firji da na feshi masu cinye ta.

Gaba da nan ozon ta ƙaranta, sanyi ya komo, har ya kai digiri 90 ƙasa da sifiri a kilomita 85. Sama da haka kuma hasken rana mafi ƙarfi yana farfasa ƙwayoyin iska, awo ya wuce digiri 1,000. Amma iskar ba ta da kauri ko kaɗan, watau ba za ta iya ƙona hannu ba.

Wannan ba zancen littafi kaɗai ba ne. In rana ta yi bore, iskar can sama takan kumbura ta riƙa jan tauraron ɗan Adam ƙasa. A Fabrairun 2022 kamfanin SpaceX ya yi hasarar kusan 40 ta haka. Lalle ma'aikatan hukumar sararin samaniya ta Nijeriya da ke Abuja, wadda aka harba tauraronta na farko a 2003, ba za su raina wannan ilmi ba.

Tambayoyi ga 'yan aji:
1. Don me kan tudu ya fi kwari sanyi?
2. Yaya ozon ke samuwa, kuma mene ne amfaninta?
3. Zana tsani daga ƙasa zuwa kilomita 100, ka nuna inda zafi ke raguwa da inda yake ƙaruwa.