TSIRRAI MASU FARAUTA: YADDA TARKONSU KE AIKI DA ABIN DA YA KAMATA SABON MAI LAMBU YA SANI

1.0 Gabatarwa

Abin da kowa ya taso ya sani shi ne, ƙwaro da dabba su ke cin tsiro. Fara ta ci gero, tsutsa ta ci wake, akuya ta ci duk ganyen da bakinta ya kai. Saboda haka idan aka ce wa manomi akwai tsiron da shi ne ke cin ƙwaro, sai ya ce lallai reshe ya juye da mujiya. Amma gaskiya ne, akwai su, kuma ire-irensu da masana suka tantance sun haura 800.

A 'yan shekarun nan sha'awar dashen furanni ta shiga gidaje a garin Bauchi. Matashi a Wunti zai ga hoton wani ganye a wayarsa yana rufe baki a kan ƙuda, ya yi ɗoki, ya kashe kuɗi ya samo. Ya zuba masa taki da ruwan famfo kamar yadda ake yi wa tumatir, kafin wata guda tsiron ya yi baƙi ya mutu. Ba sakaci ne ya kashe shi ba, gata ne irin wanda bai dace da shi ba. Wannan maƙala za ta yi bayanin dalilin farautar waɗannan tsirrai, da ire-iren tarkonsu, da kuma yadda za a rene su a yanayi irin namu.

2.0 Me ya sa tsiro ke farauta?

Kowane koren tsiro yana haɗa abincinsa ne daga hasken rana da iska da ruwa. Sai dai akwai sinadaran da dole ya samo daga ƙasa ta hanyar saiwa, musamman naitirojin da fosfaras, waɗanda su ne manomi ke nema idan ya sayi takin zamani. Akwai wuraren da ƙasarsu ba ta da waɗannan sinadarai: dausayi mai tsami da ruwa ke kwanciya a kai, ko yashin da ruwa ya wanke, ko 'yar ƙasar da ke kan fa. A irin wuraren nan ne waɗannan tsirrai suke, kuma abin da ƙasa ta hana su suna samunsa a jikin ƙwaro. Ke nan ƙwaro ba tuwonsu ba ne, takinsu ne. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin darasin.

Kada mai karatu ya haɗa su da kauci ko ƙuduji. Kauci kan hau bishiya ya sha ruwanta, ƙuduji kuma kan manne wa saiwar dawa ya tsotse ta. Waɗannan 'yan ci-ma-zaune ne a jikin tsiro ɗan'uwansu. Kafin a kira tsiro mafarauci kuwa, sai ya kama abin farauta, ya narkar da shi, sannan ya tsotse amfaninsa. Masanin nan na Ingila, Charles Darwin, shi ya fara tabbatar da haka ta hanyar gwaji mai zurfi, a littafin da ya wallafa kan tsirrai masu cin ƙwari a shekarar 1875.

3.0 Ire-iren tarko

Duk tarkon da za a ambata a nan ganye ne da ya sauya siffa, ba fure ba ne. An kasa su gida biyar. Domin sauƙin fahimta, za mu laƙaba wa kowanne suna na Hausa tare da sunansa na kimiyya.

3.1 Tarkon danƙo

Wannan dabara ce irin ta yara masu shafa danƙo a reshe don kama tsuntsu. Fitaccen mai irin wannan tarko shi ne Drosera, wanda za mu kira mai-raɓa. Ganyensa cike yake da 'yan gashi jajaye, kowanne da ɗigon ruwa a kansa yana ƙyalli kamar raɓar safiya. Ƙwaro zai sauka yana zaton zaƙi ne, sai ƙafarsa ta maƙale. Yana mutsu-mutsu yana ƙara taɓa wasu gashin, su kuma na gefe suna lanƙwasowa a hankali zuwa kansa. A wasu ire-iren, ganyen gaba ɗaya kan naɗe shi kamar tabarma. Danƙon kan toshe ƙofofin numfashinsa, sannan ganyen ya fitar da ruwan da ke narkar da shi.

Wannan tsiro ba baƙo ba ne a wajenmu. Akwai irinsa mai suna Drosera indica da ke fitowa a Afirka ta Yamma, har da arewacin Nijeriya, a jiƙaƙƙen yashi lokacin damina, ya zubar da iri ya mutu idan rani ya shigo. Haka kuma a dazukan Saliyo da Laberiya da Kwaddibuwa akwai wata igiyar daji, Triphyophyllum peltatum, wadda ba kullum take farauta ba. A shekarar 2023 masana a Jamus suka gano cewa ƙarancin fosfaras ne ke sa ta fitar da ganyen danƙo. Wannan ya ƙara tabbatar da cewa rashi ne tushen farautar.

3.2 Tarkon rami

A nan ganye ne ke zama kamar tulu mai ruwa a ciki. Mai-tulu iri biyu aka fi sani: Nepenthes na tsibiran kudu maso gabashin Asiya da Madagaska, da Sarracenia na Amurka ta Arewa. Wannan tarko ba ya motsi ko kaɗan. Bakin tulun yana da launi da ruwan zaƙi da ke jawo tururuwa. Idan bakin a bushe yake, tururuwa kan yi yawonta lafiya ta koma, har ta gayyato 'yan'uwanta. Da zarar raɓa ko ruwan sama ya jiƙa shi, sai ya yi santsi kamar dakalin da aka wanke da sabulu, su zame su faɗa. Bangon ciki kuma a shafe yake da wani abu kamar kakin zuma da ke hana ƙafa kamawa. Murfin da ke saman tulun ba rufewa yake yi ba, yana rage ruwan sama ne kada ya tsarma ruwan narkarwar. A dutsen Kinabalu na tsibirin Borneo akwai Nepenthes rajah, wanda tulunsa kan ɗauki fiye da lita 3 na ruwa, har akan samu ɓera ya nutse a ciki.

3.3 Tarkon kamawa

Wannan shi ne wanda ya fi suna, wato Dionaea muscipula, ko mu ce kama-ƙuda. Duk duniya ba ya fitowa da kansa sai a wani ɗan yanki na jihohin Karolina ta Arewa da ta Kudu a Amurka. Ganyensa ɓari biyu ne kamar tafin hannu, da haƙora a gefe, kuma a cikin kowane ɓari akwai gashi kamar uku masu jin taɓi.

Abin mamaki shi ne, wannan tsiro yana lissafi. Idan aka taɓa gashin sau ɗaya, ba zai rufe ba, domin ƙila ɗigon ruwa ne ko tsinke. Sai an sake taɓawa cikin kimanin daƙiƙa 30. Kowane taɓi yana aika saƙon lantarki a cikin ganyen, abin da John Burdon-Sanderson ya auna tun shekarar 1873. A 2020 masana a Japan suka nuna cewa taɓi na farko yana ɗaga yawan sinadarin kalsiyam a ganyen, sannan ya riƙa sauka a hankali. Idan na biyu ya zo kafin ya sauka, sai ya kai mizanin da ake bukata, tarko ya tashi.

Rufewar kan ɗauki kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Ina tsiron da ba shi da tsoka ya samo wannan sauri? A buɗe, kowane ɓari a lanƙwashe yake zuwa waje, a ɗame, kamar rabin ƙwallon roba da aka juya cikinsa waje. Saƙon na zuwa, sai ya fallo ya koma ɗaya gefen a take. Da farko ba ya rufewa ruf. Haƙoran kan sarƙe su bar 'yan kafofi, ƙaramin ƙwaron da bai kai a wahala a kansa ba ya fice. Babba kuwa yana ta fafutika yana ƙara taɓa gashin. Binciken jami'ar Würzburg ta Jamus na 2016 ya nuna cewa wajen taɓi na biyar ne tsiron ke sakin ruwan narkarwa sosai. Daga nan sai tarkon ya liƙe, ya yi kwana 5 zuwa 12, ya buɗe da busasshen ƙwanson ƙwaro kawai.

3.4 Tarkon zuƙa

Wanda ya fi kowa sauri shi ne wanda ya fi kusa da mu, wato Utricularia, ko mai-salka. Yana da ire-ire fiye da 200, kuma ana samun wasu a tafkuna da fadamun arewacin Nijeriya har zuwa tafkin Chadi. Na cikin ruwa ba shi da saiwa. Yana yawo ne kamar curin koren zare tsakanin bado da kainuwa, ba a lura da shi sai ya ɗago ɗan furensa, galibi rawaya, a saman ruwa.

A jikin zaren akwai 'yan salkoki, mafi yawansu ba su wuce ƙwayar gero ko dawa ba. Kowace salka kan fitar da ruwan cikinta har bangonta ya lotsa, ƙofarta kuma tana rufe gam. Mai karatu ya matse robar ruwa wadda ba komai a ciki, ya toshe bakinta da yatsa, ya tsoma ta a bokiti ya saki, zai ga yadda take zuƙar ruwa. To haka salkar ke yi idan ƙaramar halitta, kamar ɗan tsutsar sauro, ta taɓa gashin bakin ƙofar. Bincike da kyamara mai sauri a 2011 ya nuna cewa zuƙar ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Bayan nan salkar kan sake fitar da ruwa ta ɗana kanta.

3.5 Tarkon shiga-ba-fita

Na ƙarshe shi ne Genlisea, wanda ke Afirka da Amurka ta Kudu. Dabararsa irin ta kwandon da masunta ke dasa wa kifi ce. Yana da fararen ganye a ƙarƙashin jiƙaƙƙiyar ƙasa, a murɗe kamar igiya, da 'yar hanya a ciki mai gashin da duk ya kalli gaba. Halittun da ido ba ya gani kan shiga, komawa ta gagara, sai gaba har inda za a narkar da su. A 1998 aka tabbatar da haka ta hanyar gwaji.

4.0 Shawarwari ga sabon mai lambu

Duk ƙa'idojin renonsu daga bayanin da ya gabata suka fito.

Na farko, ruwa. Saiwarsu ba ta saba da gishirin ƙasa ba. Ruwan rijiya da na burtsatse sukan ɗauko shi, na famfo kuma an sa masa magani, na leda ma ba shi da tabbas. Ruwan sama shi ne daidai. Damina a Bauchi 'yan watanni ce, don haka a tara shi a jarkoki masu murfi, bayan an bar ruwan farko ya wanke kwano. Idan ya ƙare, a nemi tataccen ruwa irin na batir wanda ba a haɗa da asid ba.

Na biyu, ƙasa. Ban da takin gida, ban da na zamani, ban da baƙar ƙasar bola da ake cika wa furanni leda. Akan yi amfani da busasshen gansakukan dausayi da ake shigowa da shi, a haɗa da yashin da aka wanke sosai. Tukunyar roba ta fi ta ƙasa ko ta siminti, domin waɗannan kan saki gishiri. A ɗora tukunyar mai-raɓa a faranti mai ɗan ruwa kada ƙasar ta bushe. Mai-tulun Asiya kuwa yana son danshi, amma ba ya son zama cikin ruwa.

Na uku, yanayi. Suna son haske, amma ranar Maris da Afrilu a nan kan kai kusan digiri 40. A ba su hantsi, a kare su daga zafin azahar. Lokacin hunturu iska kan bushe ƙarau, danƙon mai-raɓa ya ƙafe, mai-tulu ya daina fitar da tulu. A kauda su daga hanyar iska, a goge ƙura, a ajiye ruwa kusa da su.

Na huɗu, ciyarwa. Ban da nama, ban da kifi, domin ruɓar da tarko suke yi. Tsiron da ke waje zai kama rabonsa. A kuma hana yara tsokanar kama-ƙuda da tsinke, saboda kowane tarko rufewa kaɗan yake yi a rayuwarsa kafin ya mutu.

Na biyar, zaɓi. Kama-ƙuda na bukatar hutun sanyi na kimanin wata uku duk shekara, sanyin da ya fi na hunturunmu. Don haka ba da shi ya kamata a fara ba. Gara mai-raɓa na ƙasashen zafi, ko mai-salka a kwanon ruwan sama, wanda ɗan guntunsa ya isa ya yaɗu. Sai dai kada a ɗauka shi ne maganin sauron gida. Duk ruwan da aka ajiye a buɗe sai an riƙa duba shi.

5.0 Kammalawa

Mun ga cewa farautar waɗannan tsirrai dabara ce ta rayuwa a ƙasar da ba ta da taki, kuma tarkonsu biyar ne: danƙo, rami, kamawa, zuƙa da shiga-ba-fita. Saura abu ɗaya. A jihar Karolina ta Arewa, tumɓuke kama-ƙuda daga daji ya zama babban laifi tun shekarar 2014, saboda yadda aka yi masa ɓarna. Namu kuwa, kududdufai da fadamun da suke zaune a ciki ana cike su ana gini, da yawanmu ba mu ma san suna nan ba. Idan damina ta yi nisa, mai karatu ya tsaya a bakin wani tafki ko gindin wani dutse mai tsattsafo a wajen gari, ya duƙa ya duba da kyau. Idan ya dace da su, ya ɗauki hoto, ya tambayi dattawan wurin sunan da suke kiransu da shi ya rubuta, sannan ya bar su inda ya same su.