Lambun Makaranta da Renon Itatuwan Gari

Kowace shekara idan damina ta kankama akan ware rana guda don dashen itatuwa. A Jamhuriyar Nijar ranar 3 ga Agusta ce, ranar samun 'yancin kai, wadda tun 1975 aka haɗa ta da bikin dashe. A jihohin arewacin Nijeriya kuwa, gwamna ko shugaban ƙaramar hukuma kan fito cikin babbar riga ya dasa ɗan dogon yaro, a zuba masa ruwa da sabon bokiti, a ɗauki hoto, a watse. Wannan al'ada ba abin zargi ba ce. Amma ya kai mai karatu, in kana so ka san iyakar amfaninta, sai ka koma wurin cikin watan Afrilu, lokacin da bazara ta yi tsanani, ka ƙidaya abin da ya rage. Sau da yawa ramuka za ka tarar da 'yan ƙirare: wani akuya ta cinye, wani gara ta ƙwaƙule saiwarsa, wani ƙishirwa ta kashe. Masu dashe ba su yi mana kaɗan ba, masu reno ne suka yi ƙaranci, kuma babu inda ya fi dacewa a koya wa al'umma reno kamar lambun makaranta.

Hujjar wannan magana tana ƙasar Maraɗi. Bayan farin shekarun 1970 an kashe kuɗi masu yawa wajen raba tsirrai a ƙauyukan Nijar, akasarinsu kuma ba su yi rai ba. A 1983 wani malamin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki a yankin, ya lura cewa 'yan kurmin da manoma ke sarewa duk shekara lokacin sharar gona ba ciyawa ba ne. Kututturan itatuwa ne masu rai, saiwoyinsu na can ƙarƙashin ƙasa, sun riga sun kai ga laima. Abin da ake bukata kawai shi ne manomi ya tsuguna gaban kututturen sabara ko kalgo ko gawo, ya zaɓi tohon da suka fi ƙarfi da miƙewa, kamar uku zuwa biyar, ya sare sauran da wuƙa mai kaifi, yana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya tsage, sa'an nan ya riƙa dawowa yana rage rassan ƙasa. Wannan shi manoma ke kira sassaben zamani. Bayan yunwar 1984 dabarar ta bazu daga gona zuwa gona, har masu bincike suka ƙiyasta cewa ta farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Wanda ya bi ta Matamaye da Magariya ya ga gonakin gawo. Shi gawo kuwa ba sai an gaya wa manomi darajarsa ba: yakan zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, 'ya'yansa su zama abincin dabbobi da rani. Duk wannan aiki an yi shi ne da wuƙa da ido da yawan komawa, tare da tabbacin da manomi ya samu cewa itacen da ya rena nasa ne, malamin daji ba zai ci shi tara ba.

To, ido da yawan komawa ɗabi'u ne, ɗabi'a kuwa tun yaro na ƙarami take kama shi. Ɗan itace yana bukatar kulawa shekara biyu ko uku kafin ya fi ƙarfin bakin akuya, ɗan firamare kuma shekara shida yake yi a makaranta ɗaya. Ke nan yaron da ya shuka zogale yana aji biyu zai ci ganyensa kafin ya kai aji uku, wanda ya dasa kuka ko ɗorawa kuma zai bar ta ta fi shi tsawo. Kayan aikin ma ba sa bukatar kwangila. Ledojin ruwan sha da ke warwatse a bakin kasuwa sun isa: a yanke bakin kowace, a huda gindinta, a cika ta da ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki, a jera a inuwa. Irin bagaruwa da na gawo masu taurin ɓawo ne, sai an jiƙa su cikin ruwan zafi sun kwana kafin su tsira da wuri. Irin dogon yaro kuwa ba ya jure ajiya, in ya yi 'yan makonni ya mutu, saboda haka da an tsince shi sai a shuka. Yaron da ya san waɗannan bambance-bambance da hannunsa, ya rubuta ranar shuka da ranar tsiro a littafinsa, ya auna tsawon tsiron kowane mako da rula, ya riga ya shiga ilmin kimiyya da lissafi ta ƙofar da ta fi allo faɗi.

Wani uba zai ce, “Ni na kai ɗana makaranta ne don ya yi ilmi, in noma ne ai ga gonata.” Maganarsa tana da tushe, domin yawancin iyaye sun sha wuyar fartanya, suna kuma fata 'ya'yansu su huta. Sai dai abin da yaro ke koya a gonar gida shi ne abin da uban ya gada, har da share gona ƙal a tara a cinna wuta, wanda a dā ake ɗauka alamar ƙwazo ce. Lambun makaranta wurin gwaji ne, inda kuskure ba ya jawo wa kowa yunwa. A nan za a iya raba fili biyu, a shuka gero yadda aka saba a ɗaya, a ɗayan kuma a haƙa tassa, wato 'yan ramukan nan da ake zuba wa taki tun da rani don su tare ruwan sama, irin waɗanda manoman ƙasar Tawa suka rayar da faƙo da su. Da kaka a auna abin da kowane ɓangare ya bayar a gaban iyaye. Gani ya kori ji, kuma dattijon da ba zai saurari malamin gona ba yakan tsaya ya duba abin da jikansa ya noma.

Akwai kuma masu cewa ina ruwa, ina shinge, wa zai kula da lambu lokacin hutu? Gaskiya ne babban hutu yakan faɗo tsakiyar damina, amma wannan ya fi zama sauƙi bisa ga matsala, tun da sama ce ke ban ruwa a lokacin, abin da ya rage cire ciyawa ne, wanda yaran unguwar da ke kusa za su iya yi bi da bi. Wuyar tana cikin rani. Maganinta shi ne kada a yi zari. Gara itace ashirin da za a iya shayarwa da ɗari biyar da za a zuba wa ido. Tulun da ba a shafe ba, in aka binne shi kusa da tsiro aka cika aka rufe bakinsa, zai riƙa tsattsafo da ruwa a hankali har kwanaki. Ruwan alwala da na wanke hannu ma in aka yi masa 'yar hanya zai ishi kwamin alayyafo. Shinge kuwa ƙayar magarya ta isa a shekarar farko, kafin dashi ko bini-da-zugu su kama.

Ƙorafin da ya fi kowane nauyi shi ne na masu cewa lambun makaranta kan koma gandun hedimasta: yara su sha rana, amfani ya wuce gidan malam. Wannan yana faruwa, kuma duk inda ya faru gara a ce ba a yi lambun ba. Haka nan malamin da ke tura mai makara ko mai surutu ya je ya yi noma a matsayin horo, yana koya wa yara cewa ƙasa wurin wulaƙanci ce, ya rushe da hannunsa abin da ake ginawa. Saboda haka dole a kafa ƙa'ida tun farko. Aikin lambu ya zama darasi mai lokaci a jadawali, da sanyin safiya, kowane aji da kwaminsa, kowane yaro da itacensa. Abin da aka girbe a rubuta shi a littafi, kwamitin iyaye da malamai ya riƙa dubawa, a ci a makaranta ko a sayar a sayi alli da iri. Ragowar tsirrai kuma yara su kai gida, 'yan mata da maza, domin mata ne suka fi kowa sanin nisan da ake tafiya neman itacen girki.

Kada kuma a raina ƙanƙantar lambu a ce ina shi ina tare hamada. Tun 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin ganuwar itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, Nijeriya kuma ta kafa hukumar da ke kula da shi a 2015 don jihohi 11 na arewa, daga Kebbi da Sakkwato har Yobe da Borno. Irin wannan babban shiri yana iya kawo tsirrai da waya da rijiyar burtsatse, amma ba zai iya tsayar da ma'aikaci a gindin kowane itace ba. Mutanen gari ne za su yi wannan, kuma yaran da ke aji a yau su ne masu gonakin nan da shekara goma sha biyar. Abin da ya kamata ƙananan hukumomi da hakimai su yi shi ne su sauya ranar yabo. In za a ba makaranta kyauta, kada a ba ta don yawan abin da ta dasa a watan Agusta. A aika malamin daji tare da dagaci cikin watan Mayu, gab da faɗuwar ruwa, su zaga da littafin makaranta a hannu su ƙidaya masu rai, a kuma rage wa makarantar da ta bar nata suka mutu rabon tsirran baɗi.