Cin Abinci Tare da Mai Cutar Ƙanjamau

Hakimai, iyayen ƙasa: An shirya wannan darasi dominku da malamanku, gama ku ne talakawa su ke kawo wa kuka, maganarku kuma ita a ke ji a karkara. Tambayar da za mu duba ita ce: ko mutum yana ɗaukar ƙanjamau in ya ci tuwo akushi ɗaya da mai ita, ko ya sha ruwa da moɗarsa? Amsa ita ce a'a. Amma tsoro ba ya fita daga zuciya sai da dalili, saboda haka ga dalilan.

Asalin Cutar

Likitoci sun fara ba da labarin wannan cuta a Amurka cikin 1981. Cikin 1983 masana a birnin Faris na Faransa suka gano ƙwayar da ke kawo ta, watau HIV. A Nijeriya kuwa an fara ba da rahotonta cikin 1986. Aikin ƙwayar shi ne ta karya garkuwar jiki sannu a hankali, har mutum ya kasa ture cututtukan da a dā ba su iya kā da shi. Binciken da aka yi a ƙasar nan cikin 2018 ya nuna mutum wajen miliyan 1.9 suna ɗauke da ita.

Hanyoyin Ɗaukarta

Ƙwayar tana zaune cikin jini, da maniyyi, da ruwan gaban mace, da nonon uwa. Hanyoyinta uku ne:

1. Saduwar namiji da mace.
2. Jinin mai ita ya shiga jikin wani, ta allura ko aska ko ƙarin jinin da ba a auna ba.
3. Daga uwa zuwa ɗa, cikin ciki, ko wajen haihuwa, ko shan nono.

Abin da Ya Sa Akushi Ba Ya Ɗaukarta

Da fari, yawu ba ya yaɗa ta. Abin da ke cikinsa na ƙwayar kaɗan ne ƙwarai, kuma yawun kansa yana raunana ta. Na biyu, ba ta da ƙarko a waje da jiki. In ta sha iska ta bushe, ƙarfinta ya tafi. Na uku, zafin dahuwa yana kashe ta, haka kuma ruwan tsamin da ke cikin tumbi.

An kuwa gwada wannan. Cikin 1986 likitoci a birnin Niyok suka bayyana sakamakon auna mutum 101 da ke zaune gida ɗaya da majinyata 39, suna tarayya da su a kwano da kofi da makewayi. Ba ko ɗaya da ya ɗauka ta wannan zama. Yarinya guda aka samu da ita, ita ma alamu sun nuna daga uwarta ta samo tun haihuwa.

Inda Za a Yi Hattara

Akwai abu ɗaya game da abinci. Kada mai ɗauke da ƙwayar ya tauna wa jariri abinci ya ba shi, gama in dasashinsa yana jini, jinin yana gauraya da abin da ya tauna. An sami 'yan jarirai ƙalilan da suka kamu ta haka. Haka nan kada a yi aron asawaki ko reza. Wanzamai kuma su yi amfani da sabuwar reza ga kowane mutum, su tafasa kayan kaciya da na ƙaho.

Wanke hannu da kwanuka da sabulu wajibi ne, amma saboda kwalara da taifot, waɗanda su ke bin abinci da ruwa da gaske.

Aikin Hakimi

Ku duba abin da ke faruwa sa'ad da aka ware wa mace ƙwaryarta da ludayinta, aka daina sayen furarta. Maƙwabciyarta da ta ga haka ba za ta yarda a auna jininta ba. Wanda bai auna ba kuwa ba ya shan magani, sai cutar ta ci gaba a ɓoye. Alhali tun 1996 akwai magungunan da ke danne ƙwayar. Ba su raba mutum da ita, amma mai shansu kullum yana noma, yana aure, yana haihuwar 'ya'ya masu lafiya. Ban da wannan, dokar ƙasa ta 2014 ta hana a nuna wa mai ita bambanci a wurin aiki ko makaranta ko asibiti.

Saboda haka ana roƙonku:

1. Ku tara dagatai da masu unguwanni da limamai da ungozomomi, malami ya karanta musu wannan takarda.
2. Ku ƙarfafa mata masu ciki su je awo.
3. In ƙara ta zo gabanku a kan wannan, ku rufa asirin majinyaci. Malami kada ya kai sunansa zaure ko kasuwa.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ranar da talakawa suka ga hakiminsu ya sa hannu akushi ɗaya da wanda a ke gudu, ranar ce za su daina gudunsa. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.