Kafin Ka Zaɓi Bijimi, Tambayi Nonon Uwarsa

Wani mai kiwo daga Galma Kudawace, cikin yankin Madawa, ya aiko da tambaya. Ya ji an ce a ƙasar Turawa ana tsinko gashin jelar maraƙi a kai ɗakin bincike, a faɗa maka ko 'ya'yan da zai haifa za su yi nono, tun shi kansa bai bar tsotso ba. Yana son ya san ko gaskiya ne, kuma ko akwai inda zai kai gashin nasa maruƙan.

Gaskiya ne, malam. A saiwar gashin nan akwai ƙwayoyin gado, waɗanda maraƙi ya ɗauko rabi daga uwa rabi daga uba. A 2001 wasu masana uku, Meuwissen da Hayes da Goddard, suka nuna cewa idan aka karanta dubban alamomi a cikin ƙwayoyin, ana iya ƙiyasta darajar dabba tun ba ta haihu ba. Daga baya aka ƙera abin awon da ke karanta alamomi sama da 50,000 a lokaci guda, kuma a 2009 Amurka ta fara fitar da sakamakon a hukumance ga shanun Holstein da Jersey. Kafin nan sai a jira shekara biyar ko shida, bijimi ya haifi 'ya'ya mata, su girma, su haihu, a tatse su, sannan a san ko shi na kirki ne. Yanzu yana 'yan watanni ake zaɓensa.

Sai dai akwai abin da masu ba da labarin ba su cika faɗa ba. Na'urar ba ta ganin nono a cikin gashi. Abin da aka yi shi ne, an tara dubban shanu waɗanda aka daɗe ana rubuta litar da kowace ke bayarwa, aka karanta alamominsu, kwamfuta ta gano waɗanne alamomi ne ke tafiya tare da yawan nono. Da wannan ake auna sabon maraƙi. Lissafin da aka gina a kan Holstein kuwa ba ya aiki a kan saniya mai tozo. Ko ka aika gashin maraƙin Azawak har Faransa, lambar da za ta dawo ba za ta amfane ka ba, domin ba a kan danginsa aka gina ma'aunin ba. Shi ya sa cibiyar binciken dabbobi ta ILRI da ke Nairobi, da ta fara irin wannan aiki a Tanzaniya da Habasha a 2016, ta soma da bin ƙananan masu kiwo gida gida ana rubuta nonon shanunsu ta wayar salula.

Don haka shawarata ita ce ka ajiye maganar gashi tukuna, ka sayi littafi da biro.

Irin da ke hannunku ba abin rainawa ba ne. Saniyar Azawak, wadda a Najeriya ake kira saniyar Adar, tana sahun gaba wajen nono a cikin shanu masu tozo na Afirka ta Yamma. Tun 1954 ake tace irinta a tashar Tukunus ta yankin Filinge, akwai kuma garken gwamnati a Ibesetan wajen Abalak, cikin jiharku ta Tawa. Abin da ya ɗaga shanun Tukunus awo ne da rubutu da zaɓe, shekara da shekaru, kuma ukun nan babu wanda ya fi ƙarfin gidanka.

Ba kullum za ka auna ba. Rana ɗaya a wata ta isa, safe da yamma, amma ta zama rana tsayayya, a ce Juma'ar farko. Wadda ke tatsa ita ce shugabar wannan aiki, domin uwargida ta riga ta san saniyar da ke cika ƙwarya da wadda ke riƙe nono. Abin da ya rage a mayar da saninta lamba. A samo gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi, a yanke bakinta, a zuba ruwa rabin lita a ja layi, a ƙara rabi a ja wani. Ranar awo a tatsi kowace saniya ita kaɗai, a bar kumfa ta kwanta, a juye a gora a karanta. Shanunmu ba sa sakin nono sai maraƙi ya fara tsotsa, to a yi wa kowace iri ɗaya: in kan nono biyu ake bar wa maraƙi, a bar biyu ga duka. Kada don neman lamba mai kyau a tatse ƙarƙaf a bar maraƙi da yunwa, shi ne fa saniyar gobe. Yaron da ke makaranta ya rubuta.

Kowace saniya shafinta daban: sunanta, uwarta, ubanta in an sani, ranar da ta haihu, litar kowane wata, watan da nono ya ƙafe, da duk wani ciwo ko ɓari.

Bayan shekara guda littafin zai fara gardama da idonka. A ce wata na ba da lita 5 amma wata biyar ta ƙafe, jimla 750 ke nan. Wata kuma lita 3 da rabi, wadda ba wanda ke yabo, amma ta kai wata tara, ta tashi da 945. In ta biyun tana haihuwa kowace shekara da 'yan watanni, ta farkon kuwa sai ta tsallake shekara, to ka san wadda za ka riƙe wa ɗa. Ka dai yi adalci wajen kwatantawa. Wadda ta haihu a damina ba a gwada ta da wadda ta haihu a bazara tana cin kara busasshe, haka karsana mai haihuwar fari ba a gwada ta da mai haihuwa huɗu. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma a harkar nono gado bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na bambancin da ke tsakanin shanu ba. Sauran na harawa ne da dusa da 'ya'yan gawo da ruwa da lafiya.

Inda na fi jin takaici shi ne wajen bijimi. Saniya ɗa ɗaya take bayarwa a shekara in an yi sa'a, bijimi kuwa shi ne uban rabin garke ko duka. Amma da buƙata ta taso, mai kyan ne ake kora kasuwar Tunfafi domin ya fi kuɗi, a bar ƙanƙamo yana barbara. Ka riƙe ɗan saniyar da littafi ya nuna, ko da launinsa bai burge ka ba. In saye za ka yi, kasuwa ba wurin sayen bijimin iri ba ce, don dillali bai san uwarsa ba. Je garken da aka haife shi da sassafe, ka tsaya a tatsi uwar a gabanka, ka dubi hantsarta, ka tambaya ko ana ɓari a garken, domin ciwon bakkale mai sa ɓari na shiga gida ta dabbar da aka sayo, kuma yana kama mutane ta ɗanyen nono.

Tun da shanun gari tare ake kora su kiwo, zaɓenka kai kaɗai ba zai yi tasiri ba muddin kowane ɗan sa na hawan kowace saniya. Ku zauna da masu shanu gaban maigari, ku yarda da bijimi ɗaya ko biyu, likitan dabbobi ya dandaƙe sauran. Ba asara a ciki, dandaƙaƙƙen sa ya fi kwanciya a amalanke, ya fi saurin ƙiba. Bijimin kuma kada ya wuce shekara uku a wuri ɗaya, kafin 'ya'yansa su isa barbara. Ku yi musaya da wani gari na Buza ko Keita da ke rubuta nasa.

In aka zo maka da maniyyin bijimin waje, ana nuna maka takarda mai manyan lambobi, tambayi a wace ƙasa aka auna 'ya'yansa, kuma me suke ci. Ruwa-biyun Holstein na ba da nono sosai, amma ga wanda ke da abinci da ruwa da inuwa har cikin zafin Afrilu da Mayu. Mai rijiya a fadamar Tarka da rumbun harawa zai iya gwadawa da saniya ɗaya ko biyu, ya tsaya a rabin jini. Wanda shanunsa ke yini a dabagi suna neman ciyawa, ya nemi maniyyin Azawak da aka tace, ya tambayi ofishin kiwo na Madawa hanyar samunsa.